Neman shawara: giya lamba biyu tana ƙara idan zan saka ta

Mai tambaya, daga wani ƙauye kusa da Gumel:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da Golf 3 da nake ɗaukar fasinja da ita zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Kwanan nan, idan zan tashi daga lamba ɗaya zuwa lamba biyu sai in ji kamar ana gurza ƙarfe, musamman da sassafe, alhali sauran giyoyin suna shiga lafiya. Bakaniken garinmu ya ce sai an sauya giyabos gaba ɗaya, ni kuwa ba ni da ƙarfin haka. Mene ne abin yi?

Wani bakanike daga Haɗeja:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi gaggawar sayen giyabos. Haƙoran giyoyin gaba a sarƙe suke da juna kullum, kuma sandar da kake riƙewa ba ita take haɗa su ba. Sandar tana tura wani ƙarfe mai baki biyu ne, shi kuma ya zame da wani zoben ƙarfe ya ɗaure giyar da ka zaɓa a jikin shaf, wato dogon ƙarfen da giyoyin suke a kansa. Kafin ɗaurin ya yiwu, akwai zoben tagulla da muke kira sinkro, wanda yake gogar giyar har gudunsu ya daidaita. Idan zoben tagullar ya cinye, sai haƙoran zoben ƙarfen da ƙananan haƙoran gefen giyar su haɗu ba a daidaita ba, wannan ita ce ƙarar da kake ji, kuma na lamba biyu ya fi saurin cinyewa saboda shi ya fi shan aiki.

Ka gwada wannan: da inji a kunne, ka taka kuloci har ƙasa, ka ɗan jira, ka saka ribas. Idan ya yi ƙara, kulocin ne ba ya saki sosai, sai a duba wayarsa. Idan ya shiga shiru, laifin na zoben ne, kuma ana iya sauya shi kaɗai.

Wani dattijon direba daga Ringim:
Yaro, ka fara da man giya tukuna, domin direbobinmu da yawa baƙin mai kawai suke kulawa da shi. A juye tsohon, a zuba mai lamba 75W-90, kusan lita 2 take sha. Tsohon mai yakan yi kauri da sanyin safiya. Kafin ka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano neman zoben, ka riƙa tsayawa kaɗan a firi, wato inda babu giyar da ta shiga, sannan ka tura lamba biyu a hankali, kada ka danna ta da ƙarfi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya saka da alheri. Ribas yana shiga shiru, don haka gobe zan sauya man in sha Allah.