Neman kalmar Hausa: me za mu kira bayofolima da aka sa wa kabon don ta isar da lantarki?

Malamai da 'yan'uwa masu nazarin harshe, ina neman shawararku kan wata kalma da ta ƙi zama a bakin Bahaushe. Folima ita ce doguwar ƙwayar sinadari da ƙananan gaɓoɓi iri ɗaya suka haɗu suka yi, shi ya sa nake ganin "sarƙa" ta dace da ita. Wadda ake samu daga halittu, wato bayofolima, kamar selulos na tsirrai, da siliki, da kitosan da ake cirowa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, sai mu ce "sarƙar halitta". Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba.

Wahalar tana wajen aikatau. Wani ya kawo "mai kama wuta", amma duk wanda ya ji haka zai ɗauka gobara ake nufi. "Mai jan wuta" kuwa mun riga mun ba na'urar da take cinye lantarki da yawa. Abin da ya rage shi ne "mai isar da lantarki", kuma na so in tsaya a nan, sai na lura cewa sunan zai yi wa abin ƙarya. Akwai folimomin da su da kansu suke isar da lantarki, irin waɗanda Shirakawa da MacDiarmid da Heeger suka sami kyautar Nobel a kansu a 2000, to su ne suka cancanci wannan suna. Sarƙar halitta ba ta isar da komai. Abin da ake yi shi ne a barbaɗa mata siraran bututun kabon, waɗanda Sumio Iijima ya bayyana a Japan a 1991, ko girafin, wato falle ɗaya na kabon mai kaurin atam guda, wanda Geim da Novoselov suka ware a Manchesta a 2004. Muddin ƙwayoyin kabon suna warwatse, lantarki ba ya wucewa, amma da zarar sun kai yawan da za su taɓa juna daga wannan gefe zuwa wancan, sai hanya ta buɗe kusan farat ɗaya.

Saboda haka nake ba da shawarar "sarƙar halitta mai jijiyar kabon". Jijiya tana ratsa jiki, tana kai jini ko saƙo, ba ta kuma zama naman da take ciki ba. Wani abin sha'awa ma, masu bincike suna gwada irin wannan haɗi wajen renon ƙwayoyin zuciya da na jijiya.

Na guji sa "gawayi" a madadin "kabon" da gangan, domin gawayi siffa ɗaya ce kawai ta kabon. Kalmar "nano" kuwa, wadda take cikin sunan Turanci na waɗannan bututun, asalinta wada ne a harshen Girka, amma tunda awo ce, wato kashi ɗaya cikin biliyan, ina ganin mu bar ta yadda take, kamar yadda muka bar kilo. Idan akwai mai kalmar da ta fi "jijiya" gajarta maganar, ina sauraro.