Siket ɗin satin na yau da kullum a zafin Katsina: wane iri ya kamata in saya?

Maman Hanan, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman a wajen teloli da masu sayar da yadi. Ni malamar firamare ce a nan cikin Katsina. Da safe kurkura, wato Keke Napep, nake hawa zuwa makaranta, in an tashi in biya kasuwa ko gidanmu kafin in koma gida. Gaskiya na gaji da ɗaurin zani a wajen aiki. Ki ɗaga hannu ki yi rubutu a allo, ki duƙa ki duba littafin yaro, kina miƙewa sai gyaran ɗauri. Siket ɗin atamfa kuma in ba da rigarsa ba, ba ya tafiya da komai.

Shi ya sa raina ya biya da siket ɗin yadin satin, baƙi ko ruwan ƙasa, wanda zan sa da kowace riga in ɗora hijabi, in kuma suna ko kamu ya taso da yamma in canza riga da mayafi kawai. Abin da ke ba ni tsoro shi ne wanda ƙanwata ta ɗinka na ankon bikin ƙawarta. Kyau kam ba a magana, amma da hunturu manne mata yake yi a ƙafa, kina jin yana ƙara tas-tas in ta cire shi, da bazara kuma tana tashi daga kujera sai ga shatin zufa a baya. Ni kuma a gaban yara nake wuni.

To shin duk satin haka yake, ko akwai mai dama-dama? In saya ɗinkakke ne ko in kai ɗinki? Wane yanka ya fi, kuma yadi nawa zai ishe ni? Ba siririya ba ce ni, ina da jiki daidai gwargwado. Allah ya saka da alheri.

Antin Ɗinki, Ƙofar Marusa

Wa alaikumus salam Malama. Ni sana'ata ke nan, bari in gaya miki abin da nake gaya wa masu kawo mini ɗinki.

Satin salon saƙa ne, kuma ana yinsa da zare iri-iri. Wajen saƙar ana barin zare ɗaya ya tsallake huɗu ko fiye kafin ya nutse, shi ne fuskar ke yin santsi da sheƙi, bayan kuma ya zauna ba ƙyalli. Akwai na siliki, akwai na auduga, amma kusan duk wanda za ki gani a shagunanmu na roba ne, wato foliyesta. Roba ba ta shan zufa. Zufar ta rasa inda za ta, sai ta zauna tsakanin fata da yadi, in ta ɓullo kuma sheƙin ya tona mata asiri. Abin da ya sami ƙanwarki ke nan. Mannewar hunturu ma daga nan take: iska ta bushe, roba na gugar fata ko wata roba, sai ta tara wutar nan mai tas-tas.

Ina kyautata zaton na ƙanwarki shi ne irin mara nauyin nan, mai walƙiya sosai. Mu shafin leshi muke yi da shi da ado a jikin riga. Na ranar biki ne, a sha hoto a cire. Akwai kuma doces, mai kauri da tsayuwa, na rigar amare. Shi ba ya mannewa sosai amma in kika wuni a cikinsa a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke kai digiri 40, za ki yi bayani. Wanda nake ba ki shawara shi ne satin mai bayan kiref. Fuskarsa sheƙin kaɗan ne, bayansa da ɗan kaushi-kaushi, yana da nauyin da zai zubo ƙasa da kansa ba tare da ya bi cinya ba. In kin dace da na auduga, to ki riƙe shi da hannu biyu, sai dai shi yana saurin yamutsewa kuma ba kullum ake samu ba.

In kin je shago kada ki tsaya kallon fuska kawai. Ki ce a warware miki kamar yadi ɗaya, ki fito da shi bakin ƙofa ki ɗaga wajen rana, ki sa tafin hannu a baya. In kina ƙirga yatsunki ta ciki, ajiye shi. Sannan ki dunƙule gefe ɗaya a hannu ki saki, ki ga ko layukan sun koma. Na ƙarshe, ki ɗan ja farce a hankali a can bakin yadin. Wanda zarensa ya taso nan take, zoben hannunki da zif ɗin jaka za su gama da shi kafin wata ya zagayo.

Maganar yanka kuwa, don Allah ki rabu da fensir. Satin ba ya miƙewa, in aka matse shi ɗinkin baya ne ke fara buɗewa, zaren ya zame ya bar ramuka, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ga shi dole a yi masa tsaga kafin ki iya taka kurkura. Ki ce a yi miki mai buɗewa daga ƙugu zuwa ƙasa, ko mai falle shida amma a sake shi a gwiwa. A ƙugu a sa bel mai faɗi ta gaba, roba ta baya. Gaban ya kwanta lafiya lau, bayan kuma ya ba ki sarari in kin ci tuwo ko kin zauna tahiya. Roba zagaye gaba ɗaya tana tattare yadin a ciki ta ƙara wa mai jiki girma. Yawancin satin faɗinsa inci 60 ne, ya fi atamfa, don haka yadi biyu zuwa biyu da rabi zai ishe ki irin wannan yankan, amma ki bari a auna ki kafin ki saya.

Akwai yankan da ake yi a karkace, wanda 'yan mata ke gani a Instagram suna kawo mini hoto. Yana zubowa da kyau, ban musa ba, amma yana bin jiki sosai kuma yana cin yadi. In shi kike so, ki tabbata tela ya rataye siket ɗin ya kwana kafin ya yi kalmasar ƙasa, domin yana saki, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi ɗaya tsawo. Ki kuma tambaya ko zai yi masa wibin a ciki, wato ɗinkin da ke kama bakin yadi, don satin akwai zarewa, ya kuma sa siririyar sabuwar allura. Tela mai gaggawa da allurar da ya gama ɗinkin shadda da ita, shi ke bar miki ɗinki a tattare.

Hajiya Iya, Daura

Ɗiyata, ni dai ban ga abin da zani ya yi miki ba. Mu da muka yi koyarwa da zani har muka aje aiki, ba wanda ya taɓa kwance mana a aji. Amma zamani naku ne. Abu guda zan ce: in za ki sa wanga yadi mai santsi, kada ki raba shi da fatari na auduga. Ba irin na roba da ake sayarwa yanzu ba, a'a, ki sami farin yadi ko tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta yi laushi, a ɗinka miki. Shi zai sha zufar, shi zai hana mannewa, kuma in kin tsaya a bakin ƙofar aji rana na bayanki ba wanda zai ga inuwar ƙafarki. Sannan ki kula da dunduniya. Da sanyi in faso ya kama ƙafa, duk zaman da kika yi kika naɗe ƙafa sai ya ja zaren. Jikata haka ta lalata nata a kan tabarma, rabi faso rabi tabarma.

Maman Hanan, Ƙofar Ƙaura

Na gode ƙwarai Anti, Allah ya ƙara basira. Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Zani bai yi mini laifi ba wallahi, ɗaurin ku ne ba mu gada ba. Maganar fatari kuma ta zauna. Amma Anti, in zan sa fatari, akwai buƙatar a sake yi wa siket ɗin shafi? Kada in zo in tara kaya hawa uku ga hijabi a sama, zafi ya kashe ni a aji, ga fankar ajinmu sai an ga dama.

Antin Ɗinki, Ƙofar Marusa

Ɗaya ya isa, Malama. Ni na fi son shawarar Hajiya a kan shafi. Shafin da yawancinmu ke sawa shi ma roba ne, kin ga roba kan roba, zafi da mannewa sun ninku. Fatari kuwa kina iya wanke shi kullum ki bar siket ɗin ya huta, kuma yawan wanki shi ke kashe satin. Ki dai sa a yi fatarin ya gaza siket ɗin tsawo kaɗan don kada ya leƙo.

Ummi 'yar Jami'ar Umaru Musa

Yaya, ni ɗinkakku nake saye, a wajen masu kawowa daga Kano da kuma na gwanjo. A gwanjo wani lokaci kina dacewa da mai kyau sosai, har takardar da ke faɗin irin zaren tana nan a jikinsa ta ciki. Matsalar ɗinkakke ita ce tsawo. Yawancinsu a ƙwauri suke tsayawa, ba don mu aka yi su ba, ga tsaga. Ni ina sawa ne a ƙarƙashin abaya mai buɗaɗɗen gaba ko dogon hijabi, shi ya sa bai dame ni ba. Ke da za ki sa a aji, ɗinki ya fi miki.

Launi kuma, ban goyi bayan baƙi ba. Ke da alli kike aiki! Ga ƙurar Katsina, kafin ki sauka daga kurkura ƙasan ya yi fari. Ruwan ƙasa mai duhu, ruwan toka mai duhu ko kore irin na ganyen kuka busasshe sun fi ɓoye ƙura, kuma suna shiga da atamfa da yawa. Masu haske irin ruwan madara su ne ke nuna ko ɗigon ruwan alwala. Ki kuma yi hankali in za ki hau acaba a zaman gefe, santsi gare shi sosai, ki tattare shi ki danne da cinya, kada ƙasan ya je wajen taya ko salansa. Roba da zafi ba sa shiri, narkewa yake yi nan take.

Mai Yadi, Babbar Kasuwa

Malama, barka da aiki. Ni yadi nake sayarwa, kayanmu daga Kantin Kwari muke ɗaukowa. Abin da Anti ta faɗa haka yake. Zan ƙara da cewa in wani ya ce miki satin ɗinsa siliki ne zalla amma kuɗinsa bai wuce na sauran ba, ki roƙi ɗan ƙyalle daga baki ki gwada da ashana a gida. Siliki na gaskiya warin ƙonannen gashi yake yi, tokarsa ki murje ta da yatsa ta watse. Na auduga warin takarda. Na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Ba wai na roba ba shi da kyau ba ne, shi ya fi jure wanki ma, kuma ba ya saurin koɗewa. Dai kada ki biya kuɗin siliki a kansa. Kuma in za ki saya, ki saya gaba ɗaya daga ɗauri guda, domin launi ɗaya daga ɗauri biyu yakan ɗan bambanta, kuma a satin abin yana fitowa fili.

Antin Ɗinki, Ƙofar Marusa

Na manta da maganar wanki. Ki juya shi baibai, ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ki ɗan cuɗa da hannu, ban da burushi ban da murɗawa. Shanya a inuwa. Babban abokin gabarsa mai ne. Ɗigon man gyaɗa ko man shafawa yana kama roba sosai, don haka in ya taɓa, ki ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa a wurin ki bar shi ya ɗan jima kafin ki wanke, kuma kada ki goge shi sai kin tabbata tabon ya fita, zafi na zaunar da shi. Guga ta baya, wuta kaɗan, ki shimfiɗa ɗankwali na auduga a kai. In dutsen gawayi ne da ku saboda rashin wuta, ki bari ya huce sosai, ki fara gwadawa a cikin kalmasa. In kuma kina ba wa mai wanki da guga, ki ja masa kunne, don su da zafin shadda suka saba.

Maman Hanan, Ƙofar Ƙaura

Madalla, Allah ya bar zumunci. Ummi kin yi gaskiya, ban ma kawo maganar alli a raina ba, baƙi ya fita daga lissafi. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa in nemi mai bayan kiref ɗin, ruwan ƙasa mai duhu, in fara da guda ɗaya in ga yadda zai yi da ni a wannan zafin kafin in ƙara. Anti, saura tambaya ɗaya: za a iya sa masa aljihu a gefe? Ina son inda zan jefa waya da kuɗin kurkura, ko nauyin zai ja yadin ya ɓata zubin?