Yaya ake gane mace da namiji a ƙananan kifayen anjel, kuma yaya ake haɗa su a tanki ɗaya?

Mai_Murjani:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kifin ruwan gishiri. Ina da tanki mai cin lita 350 wanda ya shekara uku da kafawa, cike da duwatsun murjani masu koguna da yawa, kuma a cikinsa akwai jan anjel guda ɗaya, wato Centropyge loricula, wanda na samo yana ɗan ƙarami, yanzu kuwa tsawonsa ya kai santimita 9. Watanni biyu da suka wuce na yi sha'awar nema masa abokiyar zama, sai mai sayarwa ya nuna mini wani mai kusan girmansa, ya ce tunda shuɗin da ke fiffikensa kaɗan ne, lallai mace ce. Na killace shi mako huɗu a wani tanki dabam, ya ci ya ƙoshi, sannan na sake shi cikin babban tankin.

Ba a yi awa ɗaya ba tsohon ya far masa. Kwana uku sabon yana maƙale a kusurwar sama bayan famfon ruwa, wutsiyarsa a yage, kuma ko abinci ya bi ta gaban bakinsa ba ya kulawa. Na cire shi, amma bayan kwana biyar ya mutu, abin da har yanzu yake damuna domin na san ni na jawo masa. Don Allah akwai alamar da mutum zai dogara da ita ya bambance mace da namiji a wannan kifi? Idan kuma babu, ta yaya waɗanda suka yi nasarar haɗa biyu suka yi?

Tsohon_Mai_Kiwo:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri. Kuskuren da aka yi tun daga wajen saye yake, domin ka je neman mace alhali abin da ya kamata ka nema shi ne ƙaramin kifi. Kifayen Centropyge, wato ƙananan anjel irin naka, suna fara balaga ne a matsayin mata, sannan wadda ta fi girma da ƙarfi a cikin rukuni ta rikiɗe ta zama namiji. A teku za ka tarar da namiji ɗaya yana tsaron yanki guda tare da mata kaɗan, kowace da matsayinta gwargwadon girmanta, kuma idan namijin ya mutu, babbar cikinsu takan ɗauki ɗabi'unsa cikin 'yan kwanaki, jikinta ya kammala sauyawa cikin 'yan makonni. Masu bincike biyu, Moyer da Nakazono, sun bayyana wannan tun a 1978, bayan sun bi rayuwar Centropyge interrupta a gaɓar tsibirin Miyake na Japan.

Saboda haka kifin da ya shekara uku shi kaɗai ba tare da wani na nau'insa ya danne shi ba, har ya kai santimita 9, mai yiwuwa ne ƙwarai ya riga ya zama namiji, ko kuma yana gab da zama. Wanda ka kawo masa kuwa, ko mace ce ko namiji, girmansu ɗaya, don haka babu wanda zai sauka wa wani cikin sauƙi, kuma tsohon ya san kowane rami a tankin yayin da baƙon bai san ko ɗaya ba.

Abin da nake yi shi ne in nemi ɗan ƙarami wanda bai wuce rabin girman tsohon da yawa ba, a naka lissafin kamar santimita 4 zuwa 5. Kifi mai wannan girman kusan tabbas bai zama namiji ba tukuna, kuma yana iya shiga ramukan da babban ba zai iya bin sa ba. Bayan killacewa, kada ka sake shi kai tsaye. Sanya shi cikin akwatin roba mai haske da huji-huji, ka rataye a cikin babban tankin, ka sa masa guntun bututu da zai ɓuya a ciki, ka bar su suna ganin juna mako ɗaya ko biyu. A kwanakin farko babban zai riƙa kai wa akwatin hari, yana miƙar da fikafikansa, yana juya gefe don ya nuna ƙayar nan da ke gefen kumatunsa, wadda da ita suke yi wa juna rauni. Ka jira har ranar da zai wuce ta gefen akwatin yana tsintar gansakuka a kan dutse ba tare da ya waiwaya ba. Daga nan sai ka ciyar da su da kyau, ka ɗan sauya wa wasu duwatsu wuri, ka buɗe akwatin dab da kashe fitila.

Kora za a yi ta, kada ta firgita ka. Idan babban ya kori ƙaramin na ɗan lokaci, ƙaramin ya shige dutse, ya sake fitowa bayan minti ɗaya ko biyu ya ci gaba da kiwo, to ana shirya zama ne. Idan kuwa ka ga ya haura kusurwar sama ya tsaya yana haki, launinsa ya dusashe, to ka mayar da shi akwati a ranar, kada ka jira kwana uku kamar yadda ya faru da na farko.

Ɗalibin_Teku:

Na yarda da shawarar Malam ta bambanta girma, amma ina ganin bai kamata a yi watsi da alamun jiki gaba ɗaya ba. A jan anjel da ya gama girma, namiji yakan fi jiki, ƙarshen fiffiken bayansa da na ƙasansa sukan fi tsini, kuma ratsin shuɗi da baƙi da ke bakin fikafikan yakan fi faɗi da haske, yayin da na mace ya fi zama a zagaye. Matsalar ita ce wannan alama tana aiki ne idan ka jera manyan kifaye biyu da suka fito daga wuri ɗaya kana kwatanta su. Launin wannan kifi yana bambanta daga tsibiri zuwa tsibiri a tekun Fasifik, kuma kifin da ya sha wahalar tafiya yakan koɗe, don haka mai sayarwar da ya kalli kifi ɗaya tilo ya yanke hukunci, hasashe kawai ya yi. A wasu nau'o'in Centropyge kamar interrupta da ferrugata bambancin launi ya fi fitowa fili, amma a bispinosa ni dai ban taɓa ganin alamar da zan sa hannu a kanta ba, sai girma da ɗabi'a.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani. A 2003 masu bincike a Japan sun nuna cewa idan aka haɗa maza biyu na Centropyge ferrugata, wanda aka fi ƙarfi yana iya komawa mace. Wannan ya nuna cewa haɗa maza biyu ba abu ne da ba zai taɓa yiwuwa ba, sai dai ba na ba kowa shawarar ya gwada, domin komawar tana ɗaukar makonni, kuma a tankin gida wanda aka kayar yakan mutu da rauni da yunwa kafin jikinsa ya sauya.

Uwar_Kifaye:

Sannunku da ƙoƙari. Ni Centropyge argi nake kiwo, ɗan shuɗin nan mai ruwan ɗorawa a fuska da ake samu a tekun Karibiyan, wanda bai wuce santimita 8 ba. Na sayi biyu suna ƙanana, ɗaya ya ɗan fi ɗaya, na sake su rana ɗaya a tankin da babu wani anjel, kuma a ganina wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga wanda bai riga ya mallaki ko ɗaya ba, tunda babu mai yankin da zai kare. Sun yi 'yar hatsaniya mako guda, daga baya ɗaya ya yi wa ɗaya nisa a girma.

Ban tabbatar da cewa mace da namiji nake da su ba sai bayan kusan wata takwas, wata rana da yamma da fitila ta fara dusashewa. Babban ya riƙa zagaya tankin da sauri, ya zo saman ƙaramar ya tsaya cak a karkace da fikafikai a buɗe, ya sake komawa. Da ta fito fili, cikinta a ɗan kumbure, sai ya sa bakinsa a gefen cikin nata, suka tashi sama tare a hankali kamar tsawon tafin hannu biyu, sannan a cikin ƙiftawar ido suka saki ƙwai da maniyyi suka ruga cikin duwatsu. Tun daga ranar kusan kullum sai sun yi, matuƙar suna samun abinci sau biyu ko uku a rana, mai haɗe da gansakuka da ƙananan jatan lande, kuma zafin ruwan yana wajen digiri 26. Na lura cewa fitilar da ke raguwa a hankali tana taimaka musu fiye da wadda ke mutuwa farat ɗaya.

Sai dai kada kowa ya sa rai da 'ya'ya. Ƙwan bai kai milimita ɗaya ba, yana yawo a saman ruwa, yana ƙyanƙyashewa cikin ƙasa da kwana ɗaya, kuma matatar ruwa da sauran kifaye ne ke cinye shi. Ko an kwashe shi, 'ya'yan suna buƙatar ƙananan halittun ruwa masu rai da ake kira kofefod, kuma sai a farkon shekarun 2000 aka fara yin nasarar renon su, a Hawai, inda wani masanin kiwon kifi mai suna Frank Baensch ya yi fice a wannan aiki.

Mai_Murjani:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane inda na kauce. Tunda a teku namiji ɗaya ke zama da mata fiye da ɗaya, shin zai fi kyau in kawo ƙanana biyu lokaci guda domin korar ta rabu a kansu?

Tsohon_Mai_Kiwo:

A tanki mai lita 350 ba zan yi haka ba, Malam. Matan ma suna da nasu faɗan na matsayi, kuma ta ukun ce takan rasa wurin kiwo, don haka wannan tsari ya fi dacewa da tanki mai tsawo sosai wanda aka raba duwatsunsa tsibi biyu ko uku. Ka tsaya a kan guda ɗaya, ka zaɓi wanda ka gani da idonka yana cin abinci, cikinsa ba a shafe ba. Wajen killacewa ka yi hattara da maganin da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, domin waɗannan kifaye ba sa jure shi kamar sauran, kuma idan dole ta sa ka yi amfani da shi, ka ƙara shi kaɗan-kaɗan kana aunawa. Ka kuma bar tankin killacewar a kunne har wata guda bayan ka buɗe akwatin, domin idan zaman ya ƙi, kana da inda za ka mayar da ƙaramin a daren.