Kifin da ya mutu a kalli, fara, da kazar da aka ɗaga wa wuƙa: wanne ya halatta in dafa wa mutane?

Uwar Biyu, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum. Sana'ata sayar da abinci, shinkafa da miya, farfesun kifi da na kaza, da sanyi kuma ina soya fara. Masu saye sun fara ruɗa ni. Wani ya ce kifin da aka ciro matacce daga kalli, wato ragar kamun kifi, mushe ne. Wani ya ce shi ba ya cin tarwaɗa, addini ya hana shi. Wata ta tambaye ni ko na yi bisimilla kafin in zuba fara a ruwan zafi. Ga yaron da ke yanka mini kaji, wani lokaci yakan ɗaga wuƙa ya sake mayarwa. Ina tsoron ciyar da mutane haram in ci kuɗin. Don Allah masu sani a warware mini.

Almajirin Gwandu:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya sa albarka a sana'a. Kifi ba ya bukatar yanka. Aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da ake kamawa a ruwa, kuma a Muwaɗɗa akwai hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mataccensa halal ne. A mazhabar Imam Malik, wadda malamanmu suka taso a kanta, duk abin da ke rayuwa a ruwa ana ci, an same shi da rai ko ya mutu. Hanafawa ne suka ware kifin da ya mutu don kansa ya taso saman ruwa, suka ce ba a ci. Amma wanda kalli ko ƙugiya ta kashe, su ma suna ci, domin an san sanadin mutuwarsa.

Mai ƙin tarwaɗa kada ki ja da shi. Mabiya Shi'a ba sa cin kifin da ba shi da ɓawo a jiki, haka ma 'yan cocin Adventist, masu bin babi na 11 na Littafin Firistoci. Tarwaɗa, kurungu da ragon ruwa duk sun faɗa ciki. Karfasa da giwan ruwa suna da ɓawo, kowa na ci. Ki raba tukunya da ludayi, ki faɗa wa mutum abin da ke ciki tun bai tambaya ba. 'Yan Katolika kuma ba sa cin nama ranar Laraba ta toka da ranakun Juma'a na azuminsu na kwana 40, kifi suke nema, sai ki ƙara shi a waɗannan ranaku.

Matar da ta yi maganar fara ta san karatu. Mafi yawan malamai sun ɗauki fara kamar kifi, saboda ruwayar Ibn Umar cewa an halatta matattu biyu, kifi da fara, da jini biyu, hanta da saifa. Malikiyya sun ce sai an kashe ta da niyya da bisimilla, ta kowace hanya mai saurin kisa: cire kai, jefawa a wuta, ko tafasasshen ruwa. In mai rai kika sayo, ki tsince waɗanda suka mutu a buhu ki zubar, ki yi bisimilla sau ɗaya ki juye sauran. Kin fita daga saɓani ke nan, ba ki kashe ko sisi ba.

Basarke, Yauri:

Malam ya gama da hukunci. Amma Yaya, halal daban, lafiyayye daban. Kalli da mamari, wato igiya mai jerin ƙugiyoyi, da yamma ake saka su, a duba da asuba. Kifin da ya kamu tun farkon dare ya yi awa 10 ko fiye a mace cikin ruwa, a watannin Maris da Afrilu kuwa kafin ya iso Birnin Kebbi cikinsa ya fara narkewa. Ki ɗaga murfin gefen kansa: ja mai haske ake so, in ya koma toka-toka da yauƙi mai wari, bar shi. Ido ya zama a cike, ba wanda ya faɗa ciki ya yi fari ba. Ki danna bayansa da yatsa, in ramin bai ciko ba ya kwana biyu. Tarwaɗa tana jure rashin ruwa, don haka babu dalilin sayen matacciya, nemi mai motsi.

Abin da ya fi mushe haɗari shi ne kifin gamalin, wato wanda aka kashe da maganin ƙwari. Marasa tsoron Allah kan zuba maganin ƙwari a tafki, komai ya taso, manya da 'yan mitsi-mitsi. In kika ga tuli mai kifi iri-iri har da waɗanda raga ba ta isa ta riƙe ba, babu alamar ƙugiya ko zare a jikinsu, ga arha, ki wuce. Bandar da ƙuda ba ya sauka a kanta ita ma ki shinshina ta da kyau. Talibambam kuma, kifin nan mai kumbura, ko da ɗan ruwa ne, danginsa na da guba a fata da hanta da ƙwai, dafuwa ba ta kashe ta. Ba kifin sayarwa ba ne.

Ɗan Pawa, Jega:

Hajiya, matsalarki ta gaske tana wurin yaron nan, ba wurin kifi ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce yanka shi ne yanke maƙogwaro da jijiyoyin jini biyu na gefen wuya, ƙasa da haka bai isar ba. Ta gaba ake yi. Wanda ya yanko ta ƙeya ba a ci. In wuƙa ta zarce kan ya cire, ya munana aiki amma ana ci. In ya manta bisimilla ana ci, in da gangan ya bari ba a ci.

Ɗaga hannu: lafazin Risala shi ne in ya yanke wani sashe ya ɗaga sannan ya dawo ya ƙarasa, ba a ci. Masu sharhi sun fayyace cewa in nan take ya mayar, kamar wuƙa ta kuɓuce ya sake ɗorawa, babu laifi. In ya tafi neman wata wuƙa ko ya tsaya wasa ta alhali ya riga ya tsinke jijiya, kazar ta zama mushe.

Abu 3 ke jawo wannan: dakusasshiyar wuƙa, gajeriyar wuƙa, da gashin wuya. A wasa wuƙa tun kafin a kamo kaji, kuma ba a gabansu ba. Tsawon kaifin ya ninka faɗin wuyan. Ya take fukafukai da ƙafa ɗaya, ƙafafu da ɗayar, ya fuskantar da ita alƙibla, ya buɗe gashin wuyan da babban yatsa har fata ta bayyana, ya ja wuƙa gaba da baya ba tare da ta bar wuya ba. Wurin yankan ƙasa kaɗan da muƙamuƙi, yadda kan maƙogwaro zai tafi tare da kai. A rago shi ne zakaran wuya. In kan maƙogwaron ya koma ɓangaren gangar jiki, to an yanka sama da maƙogwaro, kuma a mashahurin zancen Malikiyya ba a ci.

A bar ta minti 2 zuwa 3 jini ya tsiyaye, ta daina shure-shure. A wanke wurin yankan kafin a tsoma ta a ruwan figa. Ruwan kada ya tafasa, zafin digiri 55 zuwa 60 ya isa, na kamar minti 1. Tafasasshe yana dafa fata, ta yayyage, ƙarnin jini da na kayan ciki ya kama naman.

Uwar Biyu, Birnin Kebbi:

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ilimi. Akwai kaji guda 4 da yaron ya yanka jiya suna cikin firji, ban ga yadda ya yi ba. Yaya zan yi da su?

Ɗan Pawa, Jega:

Aikin Musulmi a kan inganci ake ɗaukarsa, zato ba ya haramta nama. In kawunan na nan, duba ki ga maƙogwaro ya rabu biyu kuma yankan ya kai gefe da gefe. Sai ki tambaye shi cikin lallami ko ya bar wata ya je neman wuƙa. In ya nuna wadda ce, cire ta kaɗai. In ya tabbatar ya yi amma bai san wadda ce ba, mushe ya cakuɗe da yankakke, duka 4 ɗin ba za su shiga tukunya ba.