Zauren Ƴan Maradi: Asabar da Lahadi a bakin teku, Wida ko Grand-Popo?

Baban Yara (Bagalam): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina Kwatano da iyali, mun zo bikin ɗiyar yayana a Zongo. Ran Juma'a za a kai amarya, mu kuma sai Talata za mu kama hanyar gida. Yaran nan biyu ba su taɓa ganin teku ba, uwarsu ma haka. Ina so in kai su wani wuri Asabar da Lahadi, mai tarihi kuma mai iska, ba cikin hayaniyar Kwatano ba. An ce mini Wida, wani kuma ya ce Grand-Popo. Wanne ya fi?

Direba (Sabon Gari): Wa alaikumus salam. Allah shi sanya alheri. Alhaji ai ba zaɓe ba ne, hanya guda suke, titin da ya tahi Lome. Wida kamar kilomita 40 daga Kwatano, Grand-Popo kuwa ƴan 80 da wani abu. Ka fita da sassafe ran Asabar, ku wuni Wida, da la'asar ku ƙarasa Grand-Popo ku kwana. Lahadi ku shiga jirgin ruwa, da yamma ku komo.

Hajiya (Mokoyo): Kafin kowa ya ce komi, Alhaji ka ji wannan daga bakina. Kada yaro ko guda ya shiga ruwan tekun can. Ko zuwa gwiwa. Gaɓar tana da gangara, igiyar ruwa in ta buga ta koma sai ta kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ka ji ƙasa na zamewa. Ƴan garin da aka haifa a wurin ma suna shakkarsa. Mun ga masunta wajen ashirin suna jan koma ɗaya da igiya daga tudu, suna waƙa, ba wanda ya tsoma jikinsa banza. Ku zauna ƙarƙashin itatuwan kwakwa, ku sha iska, ka riƙe hannun ƙaramin.

Baban Yara (Bagalam): Na ji Hajiya, kuma na karanta wa uwar yaran. Allah ya saka.

Malamin Tarihi (Ali Dan Sofo): Alhaji, tunda da yara za ka, ina roƙonka kada Wida ta zama wurin tsayawa a ɗauki hoto a wuce. Garin nan labarinsa ya shafe mu kai tsaye, kuma ba a cika gaya mana ba.

A 1727 ne Agaja, sarkin Dahome, ya ci masarautar wurin da yaƙi, daga nan Wida ta zama ƙofar Dahome ta teku. Fiye da mutum miliyan ɗaya aka loda a jiragen bayi daga wannan gaɓa. Akwai ganuwar Turawan Fotugal da aka gina a 1721, wadda suka riƙe har 1961, shekara guda bayan ƙasar, wato Benin ta yau, ta samu ƴancin kai. A cikinta aka yi gidan tarihin garin. An rufe ta don babban gyara a ƴan shekarun nan, saboda haka ka tambaya tun kana tasha ko ana shiga.

Abin da ba zai wuce ku ba shi ne hanyar bayi, kimanin kilomita 4 daga cikin gari zuwa bakin ruwa. Ana farawa daga dandalin Chacha, gaban gidan Francisco Félix de Souza, ɗan Brazil ɗin da ya zama babban dillalin bayi a zamanin sarki Gezo. Sai wurin bishiyar mantuwa, inda masu ba da labarin garin ke cewa maza na zagaya ta sau 9, mata sau 7, wai don su manta da inda suka fito. Sai Zomaï, inda ake kulle mutane a ɗaki mai duhu kafin jirgi ya iso, da kabarin bai ɗaya na waɗanda ba su kai labari ba. Ƙarshenta Ƙofar Ba Dawowa, wadda aka gina a 1995 tare da UNESCO, tana fuskantar teku.

To ga inda ta shafe mu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa, waɗanda su ne dai suka sa sarautar Katsina ta ƙauro har aka kafa Maradi, sun jefa mutane da yawa cikin bauta. Wasu an yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har gaɓar nan, aka haye da su Bahia ta Brazil. A 1807 hukumomin can sun bankaɗo shirin tawaye da Hausawa suka kitsa. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi suka yi babban tawaye a birnin Salvador, galibinsu Yarbawa, da Hausawa a cikinsu. An samu layu da takardun rubutun Arabiyya a jikin waɗanda aka kashe. Bayan haka aka koro da yawa zuwa Afirka, wasu suka sauka Wida, kuma unguwar Maro da Musulmin da suka komo daga Brazil ake danganta ta. Ka gaya wa yaran cewa cikin waɗanda suka taka wannan rairayi da sarƙa akwai masu jin irin maganar da suke yi a gida.

Baban Yara (Bagalam): Malam, wallahi ban taɓa jin wannan ba. Jikina ya yi sanyi. Babbar tana aji na uku a kwaleji, ita zan sa ta karanta wa ƙaninta.

Direba (Sabon Gari): Amma kilomita 4 a ƙasa da yaro ƙarami cikin zufar can, Malam? Zafinsu ba irin namu ba ne, ba ka bushewa. A ɗauki zem, kabu-kabunsu ke nan, a riƙa tsayawa wuri-wuri.

Malamin Tarihi (Ali Dan Sofo): Na yarda saboda ƙaramin. Sai dai ko da ɗan guntun ƙarshe ne, daga gadar da ke kan fadama zuwa ƙofar, su sauka su taka. Kuma a ɗauki mai rakiya na ofishin yawon buɗe ido, a yi ciniki kafin a fara.

Ɗan Kasuwa (Dan Goulbi): Ni tambayata ɗaya, garin nan ba shi ne cibiyar bori da tsafinsu ba? Ɗakin macizai da sauransu. Ya dace mutum ya kai iyalinsa?

Liman (Zariya): Tambaya ce mai kyau. Wida cibiyar addinin Vodun ce, a watan Janairu ma ake babban bikinsu na ƙasa baki ɗaya. Ɗakin mesa yana tsakiyar gari, yana kallon babbar majami'ar Katolika. Ba dole ba ne ka shiga, kuma in ka shiga kallo ba a tilasta maka yin komi. Abin da zan ce, kada ka ba da kuɗi don a yi maka wata addu'a ko sadaka a wurin, kada kuma a yi wa masu wurin izgili, garinsu ne ka zo. Tafiya don ganin abin da ya faru da na baya kuwa, Alƙur'ani ma ya yi umarni da ita. Akwai masallatai a garin, ku yi azahar can. Ruwan teku yana alwala, abin da ke cikinsa kuma halal ne, hadisin sananne ne.

Hajiya (Mokoyo): Mu dai ba mu shiga ba, jikata na tsoron maciji. Munka tahi gidan zane-zane na Fondation Zinsou, wani tsohon bene irin ginin ƴan Brazil, da sanyi a ciki. Nan munka huta.

Ɗalibar Aikin Gona (Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo): Gaisuwa ga iyayena na zaure. Baba, bari in yi maganar Lahadi, don ni a ganina ita ce za ta fi zama a ran yaran. Wurin sunansa Bouche du Roy, gabas da Grand-Popo, inda kogin Mono da ya taso daga Togo yake shiga teku. Yana cikin gandun da UNESCO ta amince da shi a 2017, wanda Benin da Togo suka haɗa. Ana shiga kwalekwale mai inji, ko daga Grand-Popo ko daga ƙauyen Avlo.

Ku tashi da asuba, kafin ƙarfe 7 kuna kan ruwa, lokacin ne tsuntsaye ke fitowa kuma rana ba ta yi ba. Za ku ratsa cikin itatuwan mangurob, masu tsiro cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje sun sarƙe da juna. In mai jirgi ya kashe inji ya tura da gora, ku duba jikin saiwoyin, za ku ga ƙananan ƙaguwa na hawa da sauka. Cikin waɗannan saiwoyi kifi ke ƙyanƙyasa, su ne kuma ke riƙe gaɓa kada ruwa ya cinye ta.

Ku roƙa a tsaya da ku inda mata ke dafa gishiri. Suna kankare ƙasar fadama, su zuba a manyan kwanduna, su kwarara ruwa ya tsatso, sannan su dafa ruwan har ya ƙafe. Wanda ya san gishirin Fogha ta wajen Gaya zai gane aikin nan take. Matsalar ita ce itacen girkin, da mangurob ɗin ake sara. Shi ya sa ƙungiyoyi irin su Eco-Benin suke sake dasawa tare da mutanen ƙauyukan, har wasu wuraren an sa musu alamar Zangbeto, dodon tsaronsu na gargajiya, don kada kowa ya sa gatari. In kun ga alamar, ba a sauka a nan.

Kunkurun teku ma suna hawowa gaɓar su yi ƙwai, an fi ganinsu daga wajen kaka zuwa cikin ɗari. Akwai masu gadi da ke kwashe ƙwan su killace har su ƙyanƙyashe, sannan a saki ƴaƴan. In an yi sa'a yara na iya ganin sakin. Don Allah kada a sayi ƙwai ko ƙoƙon bayansu ko da an yi tayi.

Hajiya (Mokoyo): Ɗiyata kin manta rigar ceto. Alhaji, in babu rigar kowa da kowa har ta yara, kada ku hau. Kuma a daidai bakin inda kogi ya gamu da teku ruwan yana da ƙarfi, a tudun rairayi ake sauka a kalla daga nesa.

Ɗalibar Aikin Gona (Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo): Gaskiya ne Inna. A sa wayoyi cikin leda kuma.

Ɗan Kasuwa (Dan Goulbi): To na gamsu. Nawa bayanin na aljihu ne. Kuɗinmu ɗaya, sefa, ba canji. Ka riƙe ƙananan kuɗi, jika-jika da ɗari biyar-biyar ta Turawa, don ƙauyukan ba su da canji. Kuɗin jirgi a yanke na jirgin gaba ɗaya, zuwa da dawowa, a faɗi wuraren tsayawa tun a tudu. Katin ɗan ƙasa da karnen rigakafi su kasance a jikinka, Grand-Popo dab take da iyakar Togo.

Baban Yara (Bagalam): Masauki da abinci fa? Uwar yaran ba ta cin abin da ba ta sani ba.

Direba (Sabon Gari): Masaukai na nan jere bakin ruwa, daga masu tsada har masu sauƙi. Ka duba ɗaki da idonka kafin ka biya, ka tabbatar da gidan sauro ba huda, sauron bakin kogi ba wasa. Abinci ku tsaya kan kifi gasasshe da shinkafa ko tuwon masara, yajinsu a ce a sa gefe. Nama kuwa sai wajen mahautanmu, in ka ga mai tsire ka yi masa sallama da Hausa. Ta ɗauko kilishi da garin rogo daga Zongo saboda hanya.

Malamin Tarihi (Ali Dan Sofo): In lokaci ya rage da yammar Asabar, ku leƙa Gbécon, tsohon garin Grand-Popo. Gidajen ƴan kasuwar manja ne na zamanin Turawa, teku ya ci wasu, saura sun zama kango. Minti talatin ya isa.

Baban Yara (Bagalam): Alhamdu lillahi, shiri ya kammala. Asabar Wida har la'asar, kwana Grand-Popo, Lahadi jirgi da asuba. Direba, ina zan samu mota daga Zongo?

Direba (Sabon Gari): Ka sa ɗan yayanka ya raka ka Jonquet tun ran Juma'a, kusa ne da ku. Motocin layin Lome duk suna bi ta Wida. Tunda ku huɗu ne, ka sayi kujerun baya duka, in da hali ma ka yi shatar motar. Ran Lahadi kuma ku baro Grand-Popo kafin ƙarfe 3, don cunkoson Godomey da magariba yana iya cinye muku awa guda.