Garin neman gira a rasa ido: ta dace da mai sa wa babur garkuwar hannu?

Ɗan Tsoho: Jama'a, a raba mu gardama. Ƙanena ya ɗaura wa babur ɗinsa garkuwar hannu, irin mai ƙarfen da ke zagayowa ta shiga bakin kan babur. Ya yanke ƙarshen robar riƙo, amma bai rage bututun totur ba, sai ƙarfen ya danne shi. Ya murɗa wuta, ya saki, totur ya ƙi komawa. Allah ya kiyaye, bai yi nisa ba. Na ce masa garin neman gira ya kusa rasa ido, ya ce karin maganar ba ta hau ba.

Mai Sifana: Yaya, ni ina bayan yaron. Gira a nan kwalliya ce. Garkuwa kuwa ba ado ba ce, tana kare yatsu daga reshe da tsakuwa, in an faɗi ta hana hannun birki da na kuloci karyewa. Tasa ita ce rigakafi ya fi magani.

Malama Inna: Wa ya ce maka gira ado ce kawai, ɗana? Ita ke tare zufa kada ta gangaro cikin ido. Tana da amfaninta, ba ta dai kai ido ba. Abin da Bahaushe ya auna ke nan: ƙarami da babba. Yatsa gira ne, totur da ya maƙale kuwa rai ne gaba ɗaya.

Mai Sifana: To Inna, in haka ne ai kowane gyara gira ne, sai mu nade hannu.

Malama Inna: A'a. Ba a hana nema ba, "garin" ɗin nan shi ne wurin dubawa, wato ɓarnar da aka yi a hanya.

Baba Bakanike: Ku bar ni da ɓangaren ƙarfe. Yawancin kan babur kaurinsa milimita 22 ne, amma robobin riƙo biyu ba ɗaya ba ne: ta dama ta fi faɗin rami don a kan bututun totur take zama. Na sha ganin wanda ya musanya su yana ta kokawa. Wani kuma ya shafa giris don robar ta shige da sauƙi, ta shige ɗin, ta kuma riƙa juyawa a hannunsa yana tafe. Gam ake sawa, a bari ya bushe. In an gama ɗaure garkuwa, a bar 'yar tazara tsakaninta da totur, a juya kai dama da hagu har ƙarshe, a murɗa a saki a ji ya koma da kansa, a matse birki a ga bai taɓa komai ba.

Ɗan Tsoho: Baba, ba ka dai ce wa ya yi gaskiya ba.

Baba Bakanike: Idonsa na nan, ko? Turo min shi da babur ɗin, a ture, kada ya hau.