Ƙaramin biron nazarin muhalli, a ba su aiki?

Ɗan Tibiri:
Salamu alaikum ƴan uwa. Zan buɗe majema bakin Gulbin Maraɗi, an ce sai na yi nazarin tasirin muhalli tukun. Na samu wani ƙaramin biro nan gari, su huɗu ne kawai, anya za su iya kuwa?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yawansu ba shi ne ba, ka tambaya waye masanin ruwa cikinsu, don dattin jima in ya gangara gulbi masu lambu da rijiyoyi ne za su sha wahala, kuma BNEE, hukumar tantance muhalli ta ƙasa, ce za ta duba rahoton, in ba su taɓa kai mata aiki ya wuce ba to ka yi hattara.

Na Madarunfa:
Gaskiyar Hajiya. Yaran da suka fito jami'ar Dan Dicko Dankoulodo akwai gwanaye wallahi, sun san gawo da kalgo da ƙasarmu ta jigawa, sun iya zama da mai gari su ji koken talakawa. Amma su je wurin da ƙafarsu, har da damina.

Ɗan Tibiri:
Na gode, gobe zan nemi su nuna min tsofaffin rahotanninsu.